Baƙin da ke yawan dawowa a shirin The Andy Griffith Show

Ka tambaya su wane ne baƙin da ke dawowa garin Mayberry, ƙagaggen garin da labarin shirin ke gudana, da yadda za ka bambance su. Shirin, wanda wasan barkwanci ne na talabijin, ya gudana a tashar CBS ta Amurka daga 1960 zuwa 1968.

Ka fara da Ernest T. Bass, mutumin tsauni mai jifan tagogi da duwatsu, wanda Howard Morris ya fito a matsayinsa. Sau 5 kacal ya bayyana, amma ƙarfin wasansa ya sa ake zaton kullum yana nan. A ganina babu baƙon da ya kai shi. Iyalan Darling sau 6 suka zo: Denver Pyle ne uban, 'ya'yan maza kuwa makaɗa ne na gaske, ƙungiyar The Dillards.

Inda aka fi yin kuskure shi ne Gomer da Goober. Jim Nabors ne Gomer, ya koma shirin kansa a 1964, sai George Lindsey ya gaji gurbin a matsayin ɗan'uwansa Goober. Shi ma Don Knotts, wanda da farko yana cikin manyan 'yan wasan shirin, bayan 1965 baƙo ya zama.

Idan bincike kake yi, ka tuntuɓi gidan tarihin Andy Griffith da ke Mount Airy, jihar North Carolina.