Amsar tambayar Alhaji kan jirgin yaƙin Intrepid

Assalamu alaikum. Alhaji, na ji saƙonka, wai ko awa ɗaya za ta ishe ku zagaya Intrepid ɗin nan na New York, ga kuma Hajiya da ciwon gwiwa. Awa ɗaya? Haba dai. Ku ware uku.

Jirgin ruwa ne fa mai ɗaukar jiragen sama, tsawonsa ya haura mita 260. Ya fara aiki a 1943, aka yi masa ritaya a 1974, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1982. Yana ɗaure a bakin kogin Hudson, saitin titi na 46.

Da kun shiga ku fara da Growler, jirgin nan mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, don kaɗan-kaɗan ake shigar da mutane, kafin azahar layi ya miƙe. Amma ban da Hajiya. Ƙofofin ciki 'yan mitsi-mitsi ne, sai ka ɗaga ƙafa ka sunkuyar da kai lokaci guda. Ko a babban jirgin ma dokin ƙofa ƙarfe ne mai tudu, don kada ruwa ya tsallaka ɗaki, shi ke fasa wa mutane ƙwauri. Matakalan a tsaye suke kamar tsani, in za ka sauka ka juya ka fuskance su, hannu biyu a ƙarfe. Babbar riga a naɗe ta, silifas kuma a bar shi a masauki. Ita Hajiya akwai lif da zai kai ta zauren ajiye jirage da filin sama. Can saman iska ke kaɗawa, a riƙe hula.

Sai abin da ke ba ni haushi. Kowa ya dawo sai ya ce ya ga kumbon da ya je sararin samaniya. Enterprise, wato kumbon da aka ajiye a can, bai taɓa zuwa ba! Ba shi da injin tashi, ba shi da garkuwar zafi ta gaske. A 1977 a bayan jirgin sama Boeing 747 ake goya shi, a sake shi, a gwada saukarsa. Shi ke nan aikinsa.

Au, na ce uku ko? In za ku shiga cikin Concorde, jirgin fasinjan nan mai gudun da ya fi na sauti da aka ajiye a wurin, tikitinsa daban ne kuma da lokacinsa, ku mai da shi huɗu.