Amsa ga ƙanena mai son hawa jirgin horon matasa

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka kalli bidiyon matasa suna jan igiya a jirgin ruwa mai tafiya da iska, kana tambaya ko ana ɗaukar ma'aikata, kuma ko ta nan za ka samu zama a Turai.

Gaskiya ɗaya ce: ba aiki ba ne. Kai za ka biya kuɗin tafiya, ba su za su biya ka ba. Bizar da za ka shigo da ita ta ɗan ziyara ce, kwana 90 iyakarta, kuma ranar da jirgi ya dawo tasha shi ke nan, sai haramar gida. Duk dillalin da ya ce maka akwai wata ƙofa a nan, kuɗinka yake so.

Amma kada wannan ya sa ka raina abin. Ni a Bergen nake, a ƙasar Norway, inda jirgin Statsraad Lehmkuhl yake. An ƙera shi a Jamus a 1914, tsawonsa mita 98, yana da turaku uku da ake ɗaura manyan ƙyallayen iska a kansu. Na bi shi zuwa tsibiran Shetland da ke arewacin Scotland, kuma har yau ina tuna tafiyar nan.

Da shigarku za a raba ku rukuni uku. Kowane rukuni awa huɗu yana duti, awa takwas yana hutu, dare da rana. Ni na faɗa a masu sha biyu zuwa huɗu, wato tsakar dare a tashe ka, ka fito cikin sanyin da ke ratsa ƙashi. Wani a ba shi sitiyari, wani ya tsaya a goshin jirgi yana duban abin da ke gaba, wani ya zagaya ciki ko wuta ta tashi, wani kuma a baya yana tsaro kada mutum ya faɗa ruwa ba a sani ba. Barci a gadon lilo ake yi, kafaɗa da kafaɗa da baƙin da ba ka taɓa gani ba. Kwana biyun farko jiri da amai suka kama ni sosai. Wata yarinya da ba ta kai shekara ashirin ba ce ta kawo min ruwa, ta ce in kafa ido inda sama ta haɗu da teku. Ya taimaka.

Hawa turke ba dole ba ne, kuma sai da ɗamarar tsaro. Jan igiya ne ba mai guje masa. Ƙyalle guda mutum ashirin ke taruwa a kansa, in ɗaya ya saki kowa zai ji a hannunsa. A nan ba a tambayar ɗan wane ne kai.

Maganar ibada kuwa, ka shirya mata tun daga gida. Alƙibla tana sauyawa duk lokacin da jirgi ya juya, sai ka duba kamfas ko ka tambayi mai sitiyari. A watannin Yuni da Yuli dare a arewacin nan ba ya yin duhu sosai, saboda haka ka tambayi malami yadda za ka yi da Isha da Asuba. Ka kuma rubuta musu tun wajen rajista cewa ba ka cin naman alade.

In aikin teku kake nufi da gaske, hanyarsa daban: takardun STCW, wato shaidar horon ma'aikatan jirgin ruwa ta ƙasa da ƙasa, waɗanda jiragen kasuwanci ke nema. Ka fara da makarantar harkokin teku ta Oron a Akwa Ibom, ko jami'ar teku da ke Accra. In kuma horon kawai kake so, ka duba Tall Ships Races, gasar jiragen ruwa masu tafiya da iska, wadda aka fara a 1956. Ƙa'idarta, aƙalla rabin mutanen kowane jirgi su kasance tsakanin shekara 15 da 25, kai kuma yanzu kana 22. Ka nuna wa Baba wannan saƙon kafin ka biya kowa ko sisi, sannan ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko.