Gasasshen makaroni da naman talotalo: me ya sa nawa ya bushe?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Agege da maigida da yara biyar. Na ga wani girki a waya, makaroni da naman talotalo cikin farar miyar madara, ana gasawa a oben. Na bi yadda suka nuna, amma nawa ya fito a bushe, naman ya yi tauri, madarar kuma ta tsinke ta kwanta a ƙasan faranti. Surukata za ta zo cin abincin dare ranar Juma'a. A ina matsalar take? Daga wata uwargida.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya kawo Hajiya lafiya. Akwai abin da masu bidiyon ba su gaya miki ba. Wannan girki ya fi yawa a Amurka, kuma galibi da ragowar talotalon da suka gasa a bikin godiyarsu na Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba suke yin sa. Nasu naman dafaffe ne tun kafin ya haɗu da taliya. Naki kuwa ina zaton ɗanyen fiffike ne da cinya daga firiza, kuma minti 25 a oben ba zai dafa shi ba. Aikin gaba ɗaya a kan murhu ake gama shi, oben haɗe kan kayan kawai yake yi ya soya saman.

Mu fara da sayen naman. Gwamnati ta daɗe da haramta shigo da daskararrun kaji da talotalo daga waje, amma ana fasa-ƙwaurinsu ta wajen Kwatano, su cika kasuwannin Legas. Irin wannan ba ki san wanda ya yanka ba, ba ki san sau nawa ya narke ya sake daskarewa a hanya ba. Ni na fi son na gida wanda aka yanka a gabanki. In tsadarsa ta yi yawa, kaza ma tana yi tsaf. In kuma daskararren ne a hannunki, ki bar shi ya kwana a firij ya saki, ko ki ɗaure shi a leda ki tsoma a ruwan sanyi kina canza ruwan duk rabin awa. Kada ki shanya shi a kicin tun safe cikin zafin garin nan.

Ga gida irin naku kilo 1 da rabi ya isa, don ƙashi da fata za su tafi da kaso mai yawa. Ki dafa shi da albasa, tafarnuwa, citta, tayim, dunƙule da ɗan gishiri, ruwa ya rufe shi, wuta matsakaiciya. Zai ɗauki kamar awa ɗaya, tsohon tsuntsu ya fi haka. Alamar ita ce ki sa cokali mai yatsu naman ya rabu da ƙashi ba gardama. Ki tsame, ki yagalgala shi da hannu, ki tace romon ki ajiye. Don Allah kada ki zubar da romon nan, rabin daɗin girkin yana cikinsa.

Yanzu miyar, wadda ita ce ta ba ki kunya. Madara zalla in ta sha wuta mai ƙarfi, ko ta haɗu da abu mai tsami irin tumatir da lemon tsami, sai ta guntse ta rabu da ruwanta. Abin da ke riƙe ta shi ne fulawar da aka soya cikin mai. Ki narkar da bota giram 60, wato cokali 4 na cin abinci, a tukunya mai kaurin gindi. Ki zuba fulawa giram 60, kusan rabin kofi, ki yi ta juyawa minti biyu a wuta kaɗan. Za ki ga tana ƙananan kumfa, warin ɗanyen gari ya tafi, amma kada ki bari ta yi ja. Sai ki haɗa madarar ruwa gwangwani 2, irin su Peak, ba mai zaƙin nan ta shayi ba, da romonki har su cika lita 1. Ki zuba ludayi ɗaya tukuna. Fulawar za ta dunƙule, kada ki tsorata, ki ci gaba da juyawa har ta yi sumul sannan ki ƙara wani ludayin. Masu juye ruwan a tashi ɗaya su ne ke kwana fama da gudaji. Idan ya shige duka, ki bar ta ta yi ɓararraka a hankali minti biyar. Kaurin da ake so shi ne na kunun gyaɗa mai ɗan ruwa. Ki tsoma cokali, ki ja yatsa a bayansa. In layin ya tsaya bai rufe ba, ta yi. Za ki ga kamar ta yi ruwa, ki ƙyale ta haka, makaroni zai shanye a oben. Ki sa masoro da ɗan gyaɗar ƙamshi, ki ɗanɗana kafin ki ƙara gishiri tunda romon da nasa.

Makaroni leda ɗaya mai giram 500, ki rage minti biyu ko uku daga lokacin da aka rubuta a jikinta. Ki sauke yana da sauran ƙarfi a haƙori, ki tsane. In ya nuna sarai a tukunya, caɓewa zai yi a oben.

Na san bakinmu, farin abinci ba yaji sai maigida ya ce na marasa lafiya ne. Ki soya albasa da attarugu biyu da koren tattasai da karas a ɗan mai su yi laushi, ruwansu ya ƙone, sannan su shiga. Ɗanyen kayan lambu ruwa yake saki a cikin gashi, shi ma yana cikin abin da ke tsinka miya. Tumatir kam ki bar shi a kasuwar Mile 12, yau ba ranarsa ba ce.

Ki juya makaroni da nama da kayan lambu cikin miyar, ki zuba a farantin gashi da kika shafa wa bota. A sama ki barbaɗa garin busasshen biredi da kika murza da ɗan bota. Cukun kanti irin cheddar ko mozzarella yana ƙara armashi in aljihu ya yarda, amma ba dole ba ne. Warar Yarbawa ba ta narkewa, kada ki sa ran za ta yi wannan aikin. Oben ya riga ya yi zafi a digiri 180, minti 20 zuwa 25, har gefe ya fara tafasa sama ta yi ja. In babu oben, ko an ɗauke wuta, ki zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, ki rufe ta yi zafi minti goma a kan gas, ki ɗora farantin a kan murfin gwangwani ko ƙaramin ƙarfe don kada ya taɓa yashin. Saman ba zai yi ja sosai ba, don haka ki soya garin biredin a kasko tukuna.

Idan kin fitar, ki ba shi minti goma ya natsa kafin ki yanka. Ranar Juma'ar, ki dafa naman tun da hantsi ki sa a firij, miya da makaroni bayan la'asar, gashi bayan magariba. Abin da ya ragu ya shiga firij kafin awa biyu, in ana zafi sosai kafin awa ɗaya, don abincin madara ne. Wajen ɗumame ki yayyafa ɗan romo ko madara, ki rufe, ya yi zafi har tsakiya.