Malama, ki bar yaran su ɗauko sautin garinsu da kansu

Assalamu alaikum. Malama, na ga tambayarki tun jiya da daddare, inda kika ce kina koyar da 'yan ƙaramar sakandare darasin muhalli, yara sun gaji da kwafar rubutu daga allo, kuma an ba ki shawarar ki riƙa kunna musu sautin tsuntsaye da na ruwa, amma ba ki san ta inda za ki kama ba. Ni ma malami ne a yankin fadamar Haɗeja da Nguru, kuma na daɗe ina wannan aiki da ɗalibaina, shi ya sa na ga bai kamata in wuce ban ce komai ba.

Da farko abin da na yi shi ne na sauko da sautin wani daji na Kudancin Amurka daga intanet, na kunna musu a 'yar sifika. Sun saurara kamar minti biyu, sai surutu ya ɓarke. Babu tsuntsu ko ɗaya a ciki da suka taɓa ji, to me zai riƙe hankalinsu? A hanyar komawa gida na tsaya bakin ruwa, kwaɗi na ta kuka kamar za su tsaga kunne, sai na ce da kaina, ga abin a ƙofar gida ina nemansa a wata duniya. Na ciro waya na naɗa. Washegari da na kunna, kafin in buɗe baki wani yaro ya ce, "Malam, wannan ai bayan gidanmu ne!" Daga ranar darasin ya zama nasu.

Shawarata ke nan: yaran su ne za su ɗauko sautin, kuma daga inda suke zaune. Ba sai da kayan aiki masu tsada ba. Waya ta isa. Babban abokin gabarki iska ce, musamman da hunturu, don haka ki sa a zura wa wayar safa mai kauri ta wajen makirfo, za ki ga bambanci. Mai riƙe da wayar kada ya motsa yatsunsa, gara ma a ajiye ta kan dutse ko kututture a ja da baya. Kuma kafin a yi shiru, yaro ɗaya ya faɗi rana da lokaci da wurin da ake, domin bayan wata uku ba wanda zai tuna wane sauti ne na ina. Minti uku ya wadatar. Lokacin da ya fi shi ne bayan sallar asuba zuwa fitowar rana, sannan iska take kwance, tsuntsaye suka fi kuka, kuma ba a tayar da janareta da injin niƙa ba. Ki nemi izinin iyaye, ki tafi da babba ko biyu, kada yaro ya kusanci ruwa mai zurfi ko ciyawa mai duhu.

Idan an dawo aji, nakan ce kowa ya rufe ido. Sai in raba allo gida uku: sautin mai rai, sautin ruwa da iska, da sautin da ɗan Adam ya jawo. Wannan rabon ba ni na ƙirƙiro shi ba, masu nazarin sautin muhalli irin su Bernie Krause, Ba'amurken da ya shafe shekaru yana naɗar sautin dazuzzuka, haka suke kasa shi. Yara suna son wannan wasa ƙwarai. Za ki ji musu ya kaure a kan ko kurciya ce ko hasbiya, ko gyare ne ko wani ƙwaro. A nan nake shigar da ilimin: cewa yawanci namijin kwaɗo ne yake kuka don kiran mace, cewa gyare ba da baki yake kuka ba, fukafukansa yake gogawa. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne gida na uku. Ba su taɓa lura da yadda ƙarar babur da janareta take danne komai ba sai da suka ji ta ta cikin sifika.

Amma wurin da aikin ya taɓa ni sosai shi ne ranar da na gayyato wani dattijo masunci ya saurara tare da mu. Yana ji yana kiran suna, wannan kirinjijiya ce, wannan dinya, wancan zalɓe ne ya tashi. Da aka gama sai ya yi shiru, can ya tambayi yaran ko sun ji gauraka a ciki. Suka ce ba su ma san kukanta ba. Sai ya kwaikwayi kukan da bakinsa, ya ce lokacin ƙuruciyarsu garke-garke suke gani a fadama. Malama, ban taɓa ganin ajina ya yi tsit irin na ranar ba. Na sha rubuta musu a allo cewa wasu halittu suna raguwa, suna kwafa suna mantawa. Ran nan kuwa da kunnensu suka ji gurbin abin da babu. Muka naɗi muryar dattijon ma, da izininsa, muka ajiye ta kusa da sautin fadamar.

Daga nan tambayoyi suka fara fitowa daga bakinsu, ni kuma na samu ƙofar yi musu bayanin da littafi ya kasa. Me ya sa ruwa ba ya malala kamar da? Sai in kawo maganar madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa a 1992, da yadda suka canja zuwan ambaliyar da fadamar take rayuwa da ita. Me ya sa sautin da muka ɗauko kusa da ciyawar kachalla ya cika da hayaniyar jan-baki? Domin ciyawar ta toshe hanyoyin ruwa, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen da suke cinye wa iyayensu shinkafa da gero. Yaran manoma ba sa buƙatar a fassara musu wannan. Na gaya musu tun shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, kuma wasu tsuntsayen da suke ji da hunturu a Dagona, mafakar tsuntsayen da ke yankin fadamar, daga Turai suke tasowa su ƙetare Sahara. Har yau ina tuna yadda wata yarinya ta riƙe baki.

Ki yi ƙoƙari ku koma wuri ɗaya sau uku ko huɗu a shekara, da bazara, da farkon damina lokacin da shamuwa take isowa, da kaka, da hunturu. Ku jera sautukan ku kunna a jere. Mu mun haɗa namu da Audacity, manhajar gyaran sauti, kyauta ce, yaran suka ɗora tatsuniya da waƙar da suka tsara a kai, muka kunna wa iyaye ranar 2 ga Fabrairu, ranar dausayi ta duniya. Idan wani kuka ya gagare ku ganewa, shafin xeno-canto yana da tarin sautin tsuntsaye da za ku gwada naku da shi, amma ku fara tambayar masunta da mafarauta da makiyaya.

Abu ɗaya nake roƙonki da shi. Yara za su gano cewa idan suka kunna kukan tsuntsu a daji, ɗan'uwansa yakan taso. Ki hana su, musamman lokacin sheƙa, domin tsuntsun yana zaton kishiya ce ta shigo masa, sai ya bar ƙwai yana ta wahalar banza.

Ban san garin da kike ba, amma ko tsakiyar birni ne ki fara da bishiyar da ke harabar makarantarku gobe da sassafe. Idan kun naɗa, ki turo mana nan, zan kunna wa ɗalibaina mu ga ko za su gane tsuntsayenku. Allah ya taimaka.