Amsa: cibiyoyin jami'ar Notre Dame da aikinsu a cikin gari

Ɗan'uwa, ka tambaya ko cibiyoyin da ka gani a jami'ar Notre Dame ta jihar Indiyana a Amurka su ke ba da digiri, kuma ko Musulmi yana da wuri a cikinsu tunda jami'ar ta Katolika ce.

Fara da wannan, don a nan yawancin masu neman gurbi ke yin tuntuɓe: cibiya daban, sashe daban. Sashe shi ke riƙe da fanni guda, kamar tarihi ko kimiyyar siyasa. Cibiya kuwa matsala guda take ɗauka, ta tara mata malamai daga sassa da yawa. Cibiyar Kroc, wadda aka kafa a 1986 da kuɗin Joan Kroc, nazarin zaman lafiya ta sa a gaba, kuma ita aka ɗora wa bibiyar yadda ake aiwatar da yarjejeniyar sulhun Kolombiya ta 2016. Kellogg ta 1982 ce, dimokuraɗiyya da ci gaban al'umma take bi.

Kroc na da digirin digirgir na haɗin gwiwa da ɗaya daga sassa 6: nazarin ɗan Adam da al'adunsa, tarihi, kimiyyar siyasa, ilimin halayyar ɗan Adam, ilimin zamantakewa, ko tauhidi. Ma'ana sai ɓangarorin biyu sun gamsu da kai. Mutum zai cika takardar bayanin manufarsa da labarin rikici da son zaman lafiya, ya manta bai faɗi da wace hanya zai yi binciken ba. Kundin tarihi zai tona? Ƙididdiga zai yi? Zama zai yi cikin mutane yana tambayarsu? Malamin sashe na karantawa, bai ga fanninsa a ciki ba, sai ya ture ta gefe. Don haka zaɓi sashe tukuna, nemo malamai biyu da aikinsu ya yi kusa da naka, ka ambace su da dalili. Digiri na biyu kuwa na shekara 2 ne a makarantar Keough ta harkokin duniya da ke cikin jami'ar, wadda ta buɗe a 2017.

Batun addini ba ya hana ka. Darussan tauhidi na dole 'yan digirin farko suka shafa. Cibiyar Ansari ma, mai nazarin addinai, likitoci biyu Musulmi ne, Rafat da Zoreen Ansari, suka ba da dala miliyan 15 aka kafa ta. Gicciye dai za ka gan shi a bangon aji, wannan ka sa a ranka.

Aikin cikin gari ya fi wuya fiye da yadda hotuna ke nunawa. Cibiyar Robinson da ke South Bend, garin da ke maƙwabtaka da jami'ar, tun 2001 take haɗa ɗaliban jami'a da yaran unguwa don karatun yamma. Kafin a bar ka kusa da yaro sai an bincika tarihinka, kuma hakan na cin lokaci. Zango guda mako 15 ne ko kusa da haka. Wanda ya yi jinkirin cika fom, kafin ya san sunan yaron an shiga jarrabawa. Yaron da ya saba da kai kuma, ranar da ka ƙi zuwa saboda ƙanƙara ta rufe hanya, yana nan zaune da littafinsa yana duban ƙofa. In ba za ka iya riƙe rana guda kowane mako ba, kada ka ɗauka.

Abu biyu na takarda: in za ka mai da hirar da ka yi da mutanen unguwa bincike, sai kwamitin ɗa'ar bincike ya sa hannu kafin ka fara, in ba haka ba bayanan sun tashi a banza. Bizar F-1, wato bizar ɗalibai ta Amurka, kuma awa 20 a mako ta yarda ka yi aiki cikin harabar jami'a lokacin karatu. Horon aiki a wajen harabar sai da izinin ofishin ɗaliban ƙasashen waje, a rubuce, tun kafin ranar farko.