Amsoshin Tambayoyinku: Babban Babur na Doguwar Tafiya

Malam, ina zirga-zirga tsakanin Samaru da gonata a bayan Giwa, wani lokaci har Kano. Yamaha Ténéré 700 zan saya ko Suzuki V-Strom 650? (Manomi, Samaru)

Alhaji, fara duba tayar gaba. Ta Ténéré inci 21 ce, ga doguwar shokozoba, shi ya sa burji da ramuka ba sa girgiza shi. V-Strom inci 19 ne, ya fi son kwalta, amma tankinsa lita 20, na Ténéré lita 16. Kowannensu ya haura kilo 200 idan an cika mai, wato buhun masara biyu ke nan. Ka hau ka ga ko ƙafarka tana taɓa ƙasa kafin ka biya, don kujerar Ténéré tana da tsawo. Saboda gona, Ténéré zan ɗauka.

Sai dai abin da ke damuna shi ne mai. Waɗannan babura injekta gare su, ba kafireto irin na Boxer ba, da makanike zai kwance ya busa ya mayar. Fetur ɗin 'yan bumburutu mai ruwa da datti famfon mai yake toshewa, kuma ba za ka shiga Sabon Gari ka fito da sabo ba, sai an aiko daga Legas. Baƙin mai ya fi muni. Na taɓa tsayawa aka kwance wani inji a gabana, man ya daskare kamar kwalta, ga shi kuma a galan mai hatimi aka sayo shi! Kulocin babur cikin man inji yake jiƙe, man mota yana iya sa shi sulɓi. Nemi mai tambarin JASO MA, wato alamar man da ya dace da kulocin babur, wajen dila amintacce, ko da ya fi tsada.

Wanne ya fi gudu? Ina so in wuce abokaina a hanyar Kaduna. (Matashi, Kwangila)

Ba zan amsa ba. Je ka sayi hular kwano tukuna.

Ɗana ya nace sai babban babur, ni kuwa barci ya gagare ni. (Uwa, Tudun Wada)

Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali, tsoronki a kan hanya yake. Idan bai taɓa hawan babba ba, kada ya wuce Honda CB500X mai inji cc 471, ya fi sauƙin sarrafawa. Ya nemi mai birkin ABS, wanda ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi. Ki sa kawunsa ya raka shi ya duba takardun kwastan, kuma ya yi miki alkawarin ba zai hau hanya da daddare ba.