Me ya sa muke fara ping daga kusa

Ɗana na ga saƙonka, sai da na yi murmushi amma kuma raina bai kwanta ba. Wai kwamfuta ɗaya tana VLAN 10 ɗaya tana VLAN 20 (VLAN wato rukunin da ake raba kwamfutocin netwok ɗaya a ciki) sun ƙi ganin juna, ka kashe suwic, na'urar da ake jona kebul ɗin kwamfutocin, ka kunna har sau uku, kuma kana tambaya me ya sa mu manya muke da al'adar bin ping, wato umarnin gwada ko wata na'ura za ta amsa, ɗaya bayan ɗaya kamar ba mu da sauri.

Toh bari kaji. Lokacin ina sabon hannu VLAN ɗin ma bai gama zama gari ba, ƙa'idarsa ta 802.1Q a 1998 ta fito. Wata rana da la'asar aka ce in ƙara VLAN 30 a kan tarank, wato layin da ke ɗaukar VLAN da yawa, wanda ya haɗa suwic ɗin sama da na ƙasa, na buga switchport trunk allowed vlan 30, na yi seb, wato na adana saitin, na tashi. Ko minti biyar ba a yi ba waya ta fara ruri, mutanen sama ba sa kaiwa ga saba, babbar kwamfutar da suke aiki da ita. Wallahi na ruɗe, na canja kebul, na shiga rauta, na'urar da ke haɗa netwok da netwok, ina ta taɓe-taɓe, na kashe na kunna, a banza tunda na riga na yi seb, kuskuren yana tashi tare da na'urar. Har dare ya yi ina zufa.

Ogana, Allah ya jiƙansa, ya zo ya ja kujera bai ko taɓa kibod ba. Yace yi ping ɗin adireshin kwamfutar kanta. Ta amsa. Yi na maƙwabciyarta a VLAN ɗaya, ta amsa. Yi na getwe, wato ƙofar fita daga VLAN ɗin. Shiru. Yace to ɓarakar tana tsakanin nan da can, me ka taɓa yau? Muka buga show interfaces trunk sai ga 30 ita kaɗai, kalmar add na manta ban sa a umarnin ba, na share duk sauran VLAN ɗin da hannuna. Bai yi min faɗa ba, cewa kawai yayi ba inda ka faɗi ake dubawa ba, inda ka yi tuntuɓe. Shi ma haka nasa ogan ya faɗa masa.

Abin da ke damuna da ku yanzu, ku kwaso umarni daga intanet ku zuba, ku canja abu biyar lokaci guda ba ku rubuta ko ɗaya ba, in ya gyaru ba ku san me ya gyara ba. Ni ma da na sani na fara riƙe littafi tun da wuri.

Naka kuwa, VLAN biyu ba sa magana sai da rauta ko suwic mai iya aikin rauta a tsakani, kuma fayawol ɗin Windows, wato katangar tsaronsa, yakan toshe ping alhali hanya lafiya lau. Kar ka sake kashe komai. Yi ping ɗin getwe daga kowace kwamfuta ka turo min abin da ya fito.